Sanyin kaka a gonakin Amurka: daren da ke kashe shuka da ɗumin da ke biyo bayansa

A jihohin tsakiyar Amurka da suka shahara da noman masara da waken suya, irin su Iowa, Illinois, Nebraska da Minnesota, ba ɗaukewar ruwan sama ke rufe shekarar noma ba, sanyi ne. Ganyen da ya kwana kore shar sai ya wayi gari ya yi laushi ya yi baƙi, shi ke nan an bar maganar girma an koma maganar girbi. A arewacin Minnesota da Dakota ta Arewa wannan dare kan zo ne a rabin ƙarshe na Satumba, a Iowa farkon Oktoba, a Kansas wajen tsakiyar watan, can gaɓar Tekun Mekziko kuwa sai ƙarshen Nuwamba ko ma Disamba. Masu hasashen yanayi kan taƙaita lamarin a magana ɗaya: raɓa za ta daskare yau da gobe da dare, daga nan gari ya riƙa ɗumama a hankali zuwa ƙarshen mako. Maganar gajera ce, amma abin da ta ƙunsa aikin kwana bakwai zuwa goma ne, kuma kowane zango da irin ɓarnarsa. Yawancin asarar ba a daren farko ake tafka ta ba. A dare na biyu ake yin ta, sai kuma cikin ɗumin da ke biyo baya, lokacin da kowa ya saki jiki.

Daga Kanada sanyin ke gangarowa. Wani makeken curin iska ne, busasshiya mai nauyi, yake kwararowa kudu yana ture iska mai ɗumi da ya tarar. Ranar da goshinsa ya ratsa gari, iska kan juya ta koma busowa da ƙarfi daga arewa maso yamma, sau da yawa da hadari da ɗan yayyafi. Mutum na jin jiki a wannan daren, amma shuka takan sha, domin iskar na gauraya ta ƙasa da ta sama, ba ta barin sanyi ya kwanta wuri guda, gajimare kuma yana mayar wa ƙasa wani kaso na zafin da take fitarwa. Kashegari sai tsakiyar curin ta iso. Sama ta washe tas, iska ta kwanta ko ganye ba ya motsi. Da faɗuwar rana ƙasa da ganye su shiga sakin zafin da suka tara yini guda, yana tafiya sararin samaniya ba abin da ke dawo da shi. Ga dare ya yi tsawo, don a Des Moines, babban birnin Iowa, daren tsakiyar Oktoba yana kai kusan sa'a 13. Haka sanyi zai yi ta ƙaruwa, bai kai maƙura ba sai dab da hudowar rana ko jim kaɗan bayanta. Abin da ke sa asubar hunturu ta yi cizo a Jos ko a tsaunukan Azbin ke nan, busasshiyar iska da sama a washe, illa dai a can Amurka iskar ta riga ta zo da nata sanyin tun daga gida.

Akwai kuma lokacin da curin kansa ke isowa ƙasa da sifili tare da iska mai ƙarfi. Wannan wani iri ne daban, kuma a faɗi gaskiya ba shi da magani a buɗaɗɗiyar gona. Dabarun da za a ambata a gaba duk na daren da iska ta kwanta ne.

Wanda bai saba ba yakan yi mamakin ganin farar ƙanƙara a kan ciyawa alhali an ce zafin gari digiri 2 ne sama da sifili. Babu kuskure a awon. Ma'aunin da hukuma ke amfani da shi a rataye yake mita ɗaya da rabi zuwa biyu daga ƙasa, cikin rumfarsa. A daren da babu iska, iska mai sanyi ce ke kwanciya a ƙasa saboda nauyinta, mai ɗumi tana bisa, don haka ganyen da ke daf da ƙasa yana iya fin ma'aunin sanyi da digiri 2 zuwa 3, wani lokaci fiye. Idan aka hau mita 10 zuwa 15 kuma, sai a tarar da iskar da ta fi ta ƙasa ɗumi da digiri 3 zuwa 5. Shi ya sa Hukumar Kula da Yanayi ta Amurka ke fitar da jan hankali kan daskarewar raɓa tun ana hasashen digiri 33 zuwa 36 a ma'aunin Faranhait, wato kimanin 1 zuwa 2 a Salshiyos. Idan za a kai 32, wato sifili, sai ta fitar da gargaɗin daskarewa. Digiri 28, wato 2.2 ƙasa da sifili, shi ne iyakar da manoma ke kira sanyi mai kisa. Da can yana da gargaɗinsa na musamman, amma daga Oktoban 2024 hukumar ta haɗe shi cikin gargaɗin daskarewa. Sauƙaƙa sanarwa ga jama'a abu ne mai kyau, sai dai yanzu dole manomi ya karanta lambar da ke cikin sanarwar da idonsa, domin tsakanin sifili da 2.2 ƙasa da shi akwai bambancin rasa ganye da rasa kara.

Lambar da ta fi muhimmanci da yamma ita ce matakin saukar raɓa, wato sanyin da iska za ta kai kafin laimar da ke cikinta ta fara zama ruwa. Duk sanda tururi ya koma raɓa yana sakin zafi, wannan zafin ne ke taka wa sanyin dare birki. Idan matakin yana digiri 5 da magariba, da wuya a kai sifili, don raɓa za ta sauka da wuri ta rage gudun sanyin. Idan kuwa yana 4 ƙasa da sifili, babu birki, zafi zai yi ta zubewa, ganye ya daskare daga ciki ba tare da an ga ko ɗigon fari a kansa ba. Wannan baƙar daskarewa ta fi farar muni, kuma ita ce ke yaudarar mai lambu ya leƙa da safe ya ga ciyawa ba fari ya ce an tsira, sai da hantsi ya ga tumatir ya langaɓe.

Gona biyu a ƙauye ɗaya ba sa shan sanyi daidai. Iska mai sanyi gangara take bi ta taru a kwari, shi ya sa masu lambunan tuffa da inabi ke dasawa a gefen tudu su bar fadama. Shinge mai duhu ko jerin itatuwa a ƙasan gangare na tare ta, ta taru a bayansa ta ƙone layukan da ke kusa, don haka ake yanka masa kafa ta wuce. Yanayin ƙasa ma na da nasa. Ƙasa mai danshi, daddalalla, wadda ba ciyawa, tana shan zafin rana sosai ta riƙa sakinsa da dare. Wadda aka huɗa jiya cike take da iska, ba ta riƙe zafi, haka wadda ciyawa ko tattaka ta lulluɓe. Saboda haka ba a noma ana saura kwana biyu sanyi, ban-ruwa ake yi kwana ɗaya ko biyu kafin ya iso, domin ƙasar ta samu yini guda tana tara zafi.

A cikin ganye, ƙanƙara tana fara fitowa ne a tsakankanin ƙwayoyin halitta, ta riƙa zuƙo ruwan cikinsu har su motse, fatarsu ta yage. Da rana ta narkar da ita sai ruwan ya malale cikin ganyen, ya yi kamar an zuba masa tafasasshen ruwa. Ruwa mai tsabta yana iya sauka ƙasa da sifili sosai bai daskare ba, sai ya sami abin da ƙanƙara za ta fara ginuwa a kai. Binciken Steven Lindow, masanin cututtukan shuka, da abokan aikinsa a shekarun 1970 ya nuna cewa wata ƙwayar cuta da ke zaune a kan ganye, Pseudomonas syringae, ita ce ke wannan aiki tun daga wajen digiri 2 ƙasa da sifili. Tumatir, tattasai, attarugu, kabewa da wake ba sa jure ko ɗan taɓi. Kuɓewa da dankalin Hausa ma ba sa jiran sifili, da zafi ya sauka ƙasa da digiri 10 sun fara lalacewa. Kabeji da karas kuwa sukan ƙara zaƙi bayan sanyi mara tsanani, domin suna tara sukari a jikinsu, sukarin ne ke hana ruwansu saurin daskarewa.

Ga masara, tambaya ɗaya ce: ƙwaya ta ƙosa ko ba ta ƙosa ba? Ana ɓalle goyo a karya shi biyu, a cire ƙwaya a kankare gindinta da farce. Idan an ga baƙin tabo, ta gama shan abinci daga kara, sanyi ba zai rage mata nauyi ba, abin da ya rage bushewa ce kawai, don a lokacin danshinta na wajen kashi 30 zuwa 35 cikin ɗari. Idan babu tabon sai a dubi layin da ya raba ɓangaren da ya taurare da mai ruwan madara. Alƙaluman da malaman gona na can ke aiki da su sun nuna cewa idan sanyi ya kashe shuka baki ɗaya ƙwaya tana da taushi kamar ƙulli, asarar ta zarce rabi. Idan kan ƙwaya ya riga ya lotsa, kimanin kashi 40. Idan layin ya kai tsakiyar ƙwaya, kashi 12 ko ƙasa da haka. In ganye kaɗai ya mutu kara na da rai, asarar kan ragu sosai, domin karan zai ci gaba da tura sukarin da ya adana zuwa goyo. Sa'a huɗu a sifili na kashe ganye, 'yan mintoci a 2.2 ƙasa da sifili na iya kashe kara. Kada a yanke hukunci da safen farko, a jira 'yan kwanaki ɓarnar ta bayyana. Shekarar 1974 ce misalin da har yau ake tunawa: ruwa ya hana shuka da wuri, fari ya biyo a tsakiyar damina, sai sanyi ya faɗo a farkon Satumba ya sake dawowa kafin watan ya ƙare. Amfanin masara na hekta ɗaya a faɗin ƙasar ya sauko daga kimanin tan 5.7 a 1973 zuwa 4.5, a daidai lokacin da ƙasashen Sahel ke neman hatsi bayan farin da ya cinye dabbobi da rumbuna.

Babu mai iya rufe gonar masara hekta ɗari biyar. Kariya ta masu lambu ce. Mayafin shuka na yadi mara nauyi yana ƙara digiri 1 zuwa 2, mai kauri yana kai 3 zuwa 4. Ba shi ke samar da zafin ba, na ƙasa yake tarewa, don haka a shimfiɗa shi tun kafin rana ta faɗi, bakinsa ya taɓa ƙasa a danne da duwatsu ko ƙasa. Wanda ya naɗe kan shuka ya ɗaure a kara ya raba ta da zafin ƙasa, bai yi komai ba. Leda kuma in ta taɓa ganye nan ne zai fara ƙonewa, sai an ɗaga ta a kan sanduna, a kuma yaye da hantsi kafin ta dafa abin da aka rufa.

Feshin ruwa ya fi ƙarfi, ya kuma fi haɗari. Giram ɗaya na ruwa idan ya daskare yana sakin zafi jul 334 (jul ma'aunin yawan zafi ne), don haka muddin sabon ruwa na sauka a kan ganye yana daskarewa, ganyen zai tsaya a wajen sifili ko da ƙanƙara ta lulluɓe shi. Mafi ƙarancin abin da ake buƙata shi ne milimita 2.5 a sa'a, wato lita 25,000 a kowace hekta kowace sa'a, dare guda na sa'a goma ya lashe lita 250,000. In da 'yar iska ko sanyi ya tsananta, sai an ninka. Matsalar ita ce giram ɗaya da ya tashi ya zama tururi yana kwashe kimanin jul 2,500, ninki bakwai da rabi na abin da daskarewa ke bayarwa. Yadda iskar hunturu ke sanyaya ruwan randa, haka busasshiyar iska ke yi wa jiƙaƙƙen ganye. Idan injin ya mutu da ƙarfe uku na dare, ko bakin feshi ya toshe, ko ruwan bai isa ba, shukar da aka jiƙa za ta fi wadda aka ƙyale lalacewa. Ana kunnawa tun zafi na digiri 1 sama da sifili, ko kafin haka in iska ta bushe sosai, ba a kashewa sai rana ta hau ƙanƙara ta fara saɓulewa da kanta. Ƙanƙara garau alamar ruwa ya wadata ce, fara mai kama da madara alamar ya gaza. Masu manyan lambunan 'ya'yan itace kuwa fanka suke kafawa a kan hasumiya mai tsawon kimanin mita 10, tana janyo iskar sama mai ɗumi ta gauraya da ta ƙasa, ɗaya na kula da kimanin hekta 4. In babu ɗumi a sama babu abin da za ta janyo.

To, me ya sa ɗumin ba ya dawowa lokaci guda? Curin iskar yana ci gaba da tafiya gabas, kuma a arewacin duniya iska na zagaya irin wannan curi ne yadda hannun agogo ke tafiya. Kafin ya iso kanka ta arewa take busowa, yana kanka shiru, da ya wuce ta juyo daga kudu. Amma iskar kudu ta kwana ɗaya ko biyun farko ba sabuwa ba ce, busasshiyar nan ce ta Kanada ta zagayo ta ɗan sha rana. Laimar Tekun Mekziko tana da tafiyar kilomita fiye da dubu kafin ta iso Iowa. Rana kuma ta yi rauni: tsakar rana a Des Moines a tsakiyar Oktoba kusurwar tsayinta a sama digiri 40 ce kacal, alhali a Yuni tana wuce 70. Sakamakon haka yini ne ke fara farfaɗowa, dare yana biye a baya. Ana iya wayar gari a sifili a kai digiri 18 da la'asar, mai lambu ya ga an cire riguna ya naɗe mayafinsa, dare na uku kuma raɓa ta sake daskarewa a kwari. Zafin la'asar ba hujja ba ne. Sai matakin saukar raɓa ya hau digiri 4 ko 5, ko iska ta kwana tana kaɗawa, ko gajimare ya shigo, sannan a ce an fita.

Haɗarin da ya fi kowanne a wannan zango na masu shanu ne, musamman a Kansas, jihar da ta fi kowace noman dawa a Amurka. Ganyen dawa na ɗauke da wani sinadari da ke rikiɗa ya zama gubar sayanayid da zarar ƙwayoyin ganyen sun fashe, kuma abin da sanyi ke yi ke nan. Makiyayanmu sun san wannan guba a gyauron dawa, ita ce dai. Idan sanyi ya kashe dawar baki ɗaya, a fitar da dabbobi a jira kamar mako guda har ganyen ya bushe ƙayau, gubar za ta tashi. Idan taɓa ta kawai ya yi, lamarin ya fi tsanani, domin ɗumin da ya biyo baya zai sa ta tofo daga gindi, sabon tofon ya fi tsohon ganye guba nesa ba kusa ba, shi ne kuma saniya ke fara kai wa baki. Ana jira mako biyu ba tare da wani sanyin ba, in ya sake faɗowa a sake ƙirga daga farko, tofo kuma sai ya kai santimita 45 zuwa 60. Dabbar da ta ci takan fara haki da tangaɗi cikin mintoci, jininta ya yi ja wur, sau da yawa kafin likitan dabbobi ya iso ta faɗi. Gero ba ya da wannan guba, abin da ya sa wasu makiyayan can ke shuka shi don kiwon kaka.

Dankalin Turawa da ya daskare a ƙasa ba a gane shi yana da tauri, sai ya narke ya fara tsiyayar ruwa, in ya shiga ɗakin ajiya ya ruɓar da na kusa da shi. Don haka ake jinkirta haƙa 'yan kwanaki a cikin ɗumi, wanda ya lalace ya nuna kansa a tsince shi. Tumatir ɗanye da ya cika girma kuwa gara a tsinke shi tun kafin daren sanyi, ya nuna a ɗaki mai zafin digiri 13 zuwa 21.

Ɗumin na da alherinsa. Masarar da ta ƙosa tana zubar da danshi a gona kyauta, kimanin rabin maki zuwa kashi uku cikin huɗu na maki (maki ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin ɗari na danshi) a yini a Satumba, rubu'i zuwa rabi a Oktoba, zuwa tsakiyar Nuwamba kusan ba komai. Kasuwa na son danshinta a wajen kashi 15, duk makin da rana ba ta cire ba sai an ƙona gas an cire shi a injin busarwa, don haka mako guda na iskar kudu kuɗi ne a aljihun manomi. Amma busasshen kara da iska mai ƙarfi su ne abincin gobara. Ƙaiƙayi ya taru a kan injin girbi mai zafi, ko ƙarfe ya gogi ɗan'uwansa, sai wuta ta kama ta ci gona, shi ya sa ake hure injin da iska kullum, a ajiye tukunyar kashe gobara biyu, ɗaya a ɗakin direba ɗaya inda za a iya kai hannu daga ƙasa.

Akwai kuma masu gaggawar zuba takin amoniya na shekara mai zuwa da zarar sun ga farar raɓa, suna zaton ƙasa ta huce. Ƙasa ba ta bin iska da sauri haka. Ƙa'idar da malaman gona na Iowa ke nanatawa ita ce a jira zafin ƙasa a zurfin santimita 10 ya sauka ƙasa da digiri 10 kuma yana ci gaba da sauka. Darare biyu na sanyi na iya kai shi can, mako guda na ɗumi ya mayar da shi 13 ko 14, ƙananan halittun ƙasa su farka su juya takin ya koma irin wanda ruwa ke wankewa. Kafin masarar baɗi ta buƙace shi, wani kaso ya bi magudanan ƙarƙashin gona ya shiga rafuka, daga nan sai kogin Misisipi. Awon ba shi da wuya: a soka ma'auni a ƙasa da hantsi, kwana da kwanaki a jere, a haɗa da hasashen mako mai zuwa kafin a fito da tankin takin.